Tarihin da ake sayarwa gutsure-gutsure

Kamfanin Paradox da ke Stockholm, babban birnin ƙasar Suwidin, ya fito da wasan Europa Universalis IV a watan Agustan 2013, kuma bai daina ƙara masa kaya ba har cikin 2024. Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, wasa ne na kwamfuta da ake shimfiɗa maka taswirar duniya kamar yadda take a ranar 11 ga Nuwamban 1444, kwana ɗaya bayan yaƙin Varna da Turkawa suka ci rundunar Kiristocin Turai, a ce ka zaɓi ƙasa ɗaya ka riƙe ta har zuwa 1821. Kai ne da haraji, kai ne da fatauci, kai ne da auren sarauta da ƙulla amana da warware ta. Kana iya ɗaukar Faransa ko Daular Usmaniyya ta Turkiyya, kana kuma iya ɗaukar Kano ko Katsina ko Zazzau, don duk suna kan taswirar. Masu irin wannan wasa a cikinmu ba su da yawa idan aka gwada da masu buga ƙwallon gem a shagunan unguwa, amma akwai su, kuma kusan duk wanda ka zauna da shi a cikinsu hira ba ta nisa sai ta faɗa kan kuɗin ƙari, abin da 'yan wasa ke kira DLC.

Tsarin kamfanin shi ne ka sayi uwar wasa sau ɗaya, daga nan duk bayan wasu watanni a fito da sabon ƙunshi na kuɗi, a haɗa shi da gyaran da kowa zai samu kyauta. A haka ƙunshi ya taru ya yi yawa, har ya kai ga wanda ya zo daga baya yana son ya mallaki komai a farashinsa na asali sai ya ajiye ɗaruruwan daloli. Steam, kasuwar da ake sayen waɗannan wasanni a intanet, ba ta karɓar naira. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a farkon 2024, shekarar da aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan naira 70,000. Kowa ya yi lissafin da kansa.

Ba na cikin masu cewa sayar da ƙari zalunci ne tun daga tushe. Waɗanda ke zana taswira da rubuta labaran da ke cikin wasan ma'aikata ne, albashi suke jira. Abin da nake ja da shi ya fi wannan ƙanƙanta, kuma ina ganin ya fi shi muhimmanci. Akwai bambanci tsakanin a sayar maka da sabon labari da a sayar maka da dokar da wasan ke tafiya a kanta. Na farko ciniki ne. Na biyu kuwa, idan dokar ta hau kan kowa amma hanyar bi da ita sai wanda ya biya, to an bar ciniki an shiga wani abu daban. Wurin da wannan bambanci ya fi fitowa fili shi ne wasan taro, inda mutane da yawa ke haɗuwa ta intanet a kan taswira ɗaya, kowa da ƙasarsa.

Bari in fara da abin da kamfanin ya yi daidai, don ya cancanci a faɗa. A wasanninsa na tarihi, idan wanda ya buɗe zaman, wato mai masauki, ya mallaki ƙarin, duk wanda ya shigo zaman zai yi wasa da shi ko da bai saya ba. Mutum ɗaya mai hali zai iya ɗaukar nauyin mutum goma. Ba kowane kamfani ke yin haka ba. Akwai manyan wasannin dabaru da sai kowa ya sayi nasa kafin a zauna tare. A zamanin Europa Universalis III ma, wanda ya fito a 2007, abin ya fi tsauri. Ƙari huɗu aka yi masa, ana hawa su ɗaya bayan ɗaya kamar matakala, wanda kuma bai sayi na ƙarshe ba an bar shi a baya da tsohon wasa da kurakuransa, ba ya iya zama da waɗanda suka saya. Saboda haka duk mai cewa da can ya fi daɗi, ya manta ne.

Sai dai wannan karamci yana da wutsiya. Duk wanda ya taso yana buga ƙwallo a filin unguwa ya san matsayin mai ƙwallo: shi ke zaɓar 'yan gefensa, ba a cire shi ko da ba ya iya komai, in an kira shi gida kuma wasa ya tashi. Haka mai masauki yake. A kwamfutarsa fayil ɗin zaman yake, shi ke da ikon tsayar da agogo da sakinsa, shi ke faɗin ranar da za a dawo. In ya yi tafiya, ko ya yi fushi don an haɗa kai an cinye masa ƙasa, zaman da aka shafe watanni ana ginawa yana iya mutuwa nan take, domin ko an tura wa wani fayil ɗin, in ba shi da ƙarin da aka fara da su, abubuwa da dama za su ɓace ko su rikice. A Turai, inda yawancin mahalarta kowa na da nasa, wannan ƙaramar matsala ce. A inda mutum ɗaya ne cikin goma ke iya biya, ita ce ke yanke wa zaman hukunci.

Akwai kuma wata wahalar da ba a cika faɗa ba. Wanda bai da ƙari yana koyon wasa shi kaɗai a gida da uwar wasa zalla, ya saba da ita, ranar Asabar da daddare ya shiga zaman jama'a ya tarar da maɓallai da shafuka da bai taɓa gani ba. Agogo na tafiya, ba mai tsaya masa ya karanta bayani, maƙwabcinsa kuma ya san kowane lungu. Kafin ya gane me ake ciki an raba masa ƙasa. An ba shi aron kayan, amma ba a ba shi damar gwada su a keɓe ba, kuma a wasan da gwaninta ke zuwa daga maimaici, wannan ba ƙaramin giɓi ba ne.

Yanzu ga misalin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, don ya shafi duk mai son ya riƙe wata ƙasa daga nahiyarmu. A watan Yunin 2015 aka fitar da ƙari mai suna Common Sense, wanda ya zo da damar bunƙasa lardi: ka kashe makin mulki ko na diflomasiyya ko na soja ka ɗaga harajin gari, ko sana'arsa, ko yawan mazan da zai ba ka na yaƙi. Wanda bai saya ba yana ganin lambobin a gabansa amma ba ya iya taɓa su. A watan Oktoban 2016 kuma aka kawo wani sabon tsari a cikin gyaran kyauta, wanda ya hau kan kowa. Tsarin ya ce akwai wasu manyan sauye-sauye na zamani da ke ɓullowa a wuri ɗaya su bazu sannu a hankali: farkawar ilimi da fasaha a Italiya wajen 1450, mulkin mallaka wajen 1500, injin buga littattafai wajen 1550, da sauransu. Duk ƙasar da sauyin bai iso mata ba, kuɗin ci gabanta na ƙaruwa shekara bayan shekara har ya kai rabi a kan na asali.

To ka ɗauki Kano. Kana zaune a 1463, shekarar da tarihi ya ce Muhammadu Rumfa ya hau gado, kana kallon taswira, sauyin nan yana can Italiya yana rarrafe, tsakaninka da shi akwai teku da hamada. In ka ce za ka jira ya iso da ƙafarsa, sai jikokin jikokin sarkinka sun shuɗe. Hanya ɗaya da ta rage maka ita ce ka zuba maki a kan birninka ka bunƙasa shi har sauyin ya tsiro a gida. Wannan maɓallin kuwa shi ne aka kulle a cikin Common Sense. Wato cutar kyauta ce, maganin na sayarwa ne. Mai riƙe da Faransa ko Milan bai ma san ana yi ba, don shi sauyin a ƙofar gidansa yake. Mai riƙe da Kano ko Songhai ko wata masarauta a Indiya shi ne ya ji a jikinsa. 'Yan wasa sun daɗe suna ƙorafi kafin a buɗe bunƙasa lardi ga kowa, daga baya kuma, a 2024, aka zuba Common Sense ɗin gaba ɗaya cikin uwar wasa tare da wasu ƙari biyu, Art of War da Rights of Man. Gyaran ya yi kyau, amma shi kansa shaida ne cewa tun farko ba wurin sayarwa ba ne.

Wannan ya kai ni ga tambayar wa ake sakawa a cikin uwar wasa, wa kuma ake ajiyewa sai an biya. Lokacin da Crusader Kings II, wani wasan tarihi na kamfanin, ya fito a watan Fabrairun 2012, sarakunan Kirista kaɗai ake iya riƙewa. Musulmi suna nan a kan taswira, daga Andalus har Bagadaza, amma abokan gaba ne da kwamfuta ke juyawa. Sai a watan Yunin shekarar aka fitar da Sword of Islam, ka biya sannan ka zama sarkin Masar ko na Maroko. Na san hujjar kamfanin, kuma ba ta rasa ƙarfi ba: wasan an gina shi ne kan tsarin sarautar Turai, gadon sarauta da aure da shari'a a ƙasashen Musulmi sun bambanta, aiki ne na daban da ke buƙatar lokaci da kuɗi. Haka ne. Amma saurayin da ya buɗe wasan a Zariya ko Damagaram abin da ya gani shi ne tarihin wasu ne jigo, nasa kuma kayan ƙari. Har 2019, da aka mayar da uwar wasan kyauta, ƙofar nan a kulle take ga wanda bai biya ba.

Sun koyi darasi, in za a faɗi gaskiya. Crusader Kings III da ya fito a watan Satumban 2020 ya buɗe Musulmi da masu addinin gargajiya tun ranar farko, taswirar ta sauko har ƙasar Hausa, an sa Bori a cikin addinai, kuma cikin mutanen da wasan ke ba da shawarar a fara da su a shekarar 867 har da Daurama ta Daura. Ban ce duk abin da suka rubuta a kanta ya yi daidai da abin da ake faɗa a Daura ba, kuma sanya wa labarin baka shekara takamaimai ƙarfin hali ne. Amma mutane a Jamus da Birazil da ba su taɓa jin sunan Daura ba sun zauna sun yi sa'o'i suna riƙe da ita, ba tare da an ce su ƙara ko sisi ba. A Europa Universalis IV kuwa sai a watan Nuwamban 2021, shekara takwas bayan fitowarsa, aka yi ƙunshin Origins da ya waiwayi Afirka da gaske, ya ba Mali da Songhai da Habasha da Kongo jerin ayyukansu na musamman, ƙasashen Hausa ma suka samu ɗan rabo. Kafin nan Ingila da Rasha da Sifaniya duk an yi musu nasu. Irin wannan ƙari ba na ƙin a sayar da shi, labari ne aka rubuta, wanda ya so ya saya. Jerin gwanon ne kawai ke nuna inda idon kamfani yake.

Sai dai a wasan taro ko wannan labarin ba ya tsayawa a matsayin labari. Jerin ayyukan da ake ba ƙasa yana zuwa da lada: ƙarin ƙarfin soja, haƙƙin mallakar lardunan maƙwabta, rangwamen kuɗi. Kuma don a sayar da sabon ƙunshi dole ya fi na baya armashi, saboda haka ladan yana ta kumbura. Ƙasar da aka yi wa nata a 2023, lokacin da ƙunshin Domination ya sake gina manyan dauloli irin su Faransa da Turkiyya da Sin, ta fi ƙarfin wadda aka yi wa nata shekaru biyar kafin nan, ba don tarihi ya ce haka ba, sai don kalandar ciniki. In kai kaɗai kake wasa da kwamfuta wannan daɗi ne. In mutum ne a ɗaya gefen, rigima ce. Shi ya sa kusan duk wata ƙungiyar wasan taro da ta daɗe za ka tarar tana da doguwar takardar dokoki a Discord, manhajar da 'yan wasa ke hira a kanta: an hana ɗaukar ƙasa kaza, an hana kai hari kafin shekara kaza, ba a ƙwace fiye da lardi kaza a yaƙi ɗaya. Wasu ma sun haƙura da lissafin kamfani sun koma amfani da gyare-gyaren da 'yan wasa suka rubuta da kansu. Aikin daidaita wasa, wanda na mai sayarwa ne, ya dawo kan masu saye, suna yin sa kyauta.

Ga kuma yadda zaman kansa yake. Waɗannan wasanni ba sa tafiya kamar wasan harbi da wata babbar na'ura ke riƙe da komai. Kowace kwamfuta tana lissafa duniyar gaba ɗaya da kanta, rana bayan rana, kuma dole lissafin kowa ya zo ɗaya. In na mutum ɗaya ya saɓa, sai sanarwa ta fito, a tsaya, a ajiye, kowa ya fita, mai masauki ya sake buɗewa, a jira kowa ya sauke fayil. Kafin ma a fara sai an duba wasu haruffa huɗu da ke ƙasan allo, in naka bai yi daidai da na mai masauki ba ba za ka shiga ba. Agogon yana da gudu biyar, amma a taro da wuya a wuce na biyu ko na uku, kuma wanda kwamfutarsa ta fi rauni shi ke ja wa kowa birki. Ka ƙara da namu na gida: ana tsakiyar yaƙi a ɗauke wuta, mutum ya koma kan batir yana kallon kashi nawa ya rage, ya jona wayarsa yana addu'ar kada data ta ƙare, sauran suna ta kiran sunansa a Discord. Kafin ya dawo kwamfuta ta karɓi ragamar ƙasarsa, ta kwashe rundunarsa ta tura wani wurin da ba shi ya nufa ba.

A kan wannan raunin ne sabon ƙunshi ke saukowa. Duk lokacin da aka fitar da shi ana sabunta wasan kowa, tsohon fayil kuma sau da yawa ba ya jituwa da sabon tsari. Zaman da ya kai 1650 sai ko dai a watsar da shi, ko kowa ya shiga Steam ya mayar da wasansa tsohon zubi, kuma a cikin mutum goma ba a rasa wanda nasa ya sabunta da kansa ya cinye masa data. Abin da ya faru a watan Afrilun 2021 ya isa misali. Ƙunshin Leviathan, wanda sabon reshen kamfanin da ke Sitges kusa da Barcelona ya yi, ya fito da kurakurai masu yawa har ya shiga sahun kayan da masu saye suka fi kushewa a tarihin Steam, kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. Abin lura shi ne ɓarnar ba ta tsaya kan waɗanda suka saya ba, domin gyaran kyautar da ya zo tare da shi ya shiga kwamfutar kowa.

Masu kare tsarin suna da amsa, kuma ban raina ta ba. Suna cewa ka dubi Imperator: Rome, wani wasan kamfanin, wanda ya fito a 2019 bai samu karɓuwa ba, aka dakatar da aikinsa a 2021. Wasan da ba ya kawo kuɗi mutuwa yake yi, wanda ake sayen ƙarinsa shi ke rayuwa shekara goma. Na yarda. Suna kuma nuna biyan wata-wata da aka kawo a 2021, kimanin dala 5 a lokacin, wanda ke buɗe maka dukkan ƙari muddin kana biya. Ga ƙungiyar abokai wannan dabara ce mai kyau: a yi karo-karo a biya wa mai masauki na watannin da zaman zai ɗauka. Amma haya haya ce. Ranar da ka daina biya komai ya rufe, kuma ga wanda katin bankinsa ke yi masa gardama a kan sayayyar dala, biyan da ake maimaitawa kowane wata ya fi na sau ɗaya ciwon kai. Hujjar cewa kuɗin ƙari ne ke raya wasa ta nuna dalilin sayar da wani abu, ba ta nuna cewa komai ya halatta a sayar ba.

Abin da nake ganin ya dace ba shi da wuyar faɗa. Duk abin da kwamfuta ko wani ɗan wasa zai iya amfani da shi a kanka, ko wanda sai da shi za ka iya bin wata doka da aka ɗora wa kowa, ya zauna a cikin uwar wasa. A sayar da labarai da zane da kiɗa da jerin ayyuka, amma a sa maɓalli ɗaya a wasan taro da zai rage ladansu ya zo daidai, don ƙungiyoyi su huta da rubuta kundin dokoki. Ƙarin da ya shekara huɗu ko biyar a zuba shi cikin uwar wasa a kan ƙa'ida sananniya, ba sai ranar da kamfani ya ga dama ba. Sannan fayil ɗin zaman taro ya riƙe ƙarin da aka fara shi da su, ta yadda in mai masauki ya tafi wani zai iya ɗauka ya ci gaba.

Europa Universalis V ya fito a watan Nuwamban 2025, ya ja farkon wasa baya zuwa 1337, shekarar da Mali ke kan ganiyarta, kuma tun kafin ya iso kasuwa an riga an jera ƙarin da za su biyo baya. Ya fi na huɗu nauyi nesa ba kusa ba, don yana lissafa al'ummar kowane gari, saboda haka tsofaffin kwamfutocin da yawancinmu ke lallaɓawa da su za su sha wuya, zaman taro da yawa kuma za su ci gaba da zama a kan na huɗu na wani lokaci. Abin da zan sa wa ido a sabon shi ne ranar da za a kawo wata doka a gyaran kyauta, in duba ko abin da mai riƙe da Kano ke buƙata don ya bi ta yana cikin wasan da ya riga ya saya.